Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Ran Talata, 9 ga watan Agusta na shekarar 2016, ana tsakiyar Wasannin Olamfik a birnin Riyo na ƙasar Birazil, sai wani abin al'ajabi ya auku a gaban idon duniya. Tafkin da aka tanada domin gasar alkafura cikin ruwa, a dandalin wasannin da ake kira Maria Lenk, wanda kwana ɗaya kafin nan ruwansa garau yake ana hango ƙasansa, ya rikiɗe ya koma kore shar kamar miyar kuka. Mata 'yan wasa suna dirowa daga dandamali mai tsawon mita 10 suna ɓacewa a cikinsa, ga kuma wani tafkin dab da shi shuɗi tas, abin da ya ƙara fito da abin kunyar fili. Kashegari shi ma maƙwabcin ya soma sauya launi, har masu wasan ƙwallon ruwa suka riƙa kukan idanunsu na raɗaɗi.

Da farko masu shirya wasannin sun ɗora laifin a kan zafi da rashin iska. Daga baya hukumar wasannin ninkaya ta duniya ta ce waɗansu magungunan gyaran ruwa ne suka ƙare a tankunan wurin. Sai ran 13 ga wata aka fito da bayani na ƙarshe, cewa wani ɗan kwangila ne ya zuba lita 80 a kowane ɗaya daga cikin tafkunan biyu na wani sinadari mai suna haidirojin ferokzaid, watau ruwan nan mai kumfa da ake wanke miki da shi a asibiti. Shi wannan sinadari yana tsabtace ruwa idan shi kaɗai ne, amma ba ya ga maciji da kulorin, da zarar sun haɗu sai ya kashe masa ƙarfi. Da aka ga gyara ya faskara, ga shi gasar rawar cikin ruwa ta matso, tilas aka kwashe ruwan babban tafkin, wajen lita miliyan 3.7, aka ɗuro wani sabo.

Kakakin masu shirya wasannin, Mario Andrada, ya kare kansu da cewa wai ilmin haɗa sinadarai ba ilmi ne mai tabbas ba. Masana kuwa suka yi masa dariya, domin a nan duniya da wuya a sami ilmin da ya fi shi bin ƙa'ida. Hausawa sun riga sun yanke hukuncin wannan shari'a tun tuni, da suka ce ruwa ba ya tsami banza. To, haka kuma ba ya yin kore banza.

Abin da ya sa wannan fili ya tono tsohon labarin nan shi ne, tafkin wanka ya daina zama abin kallo a sinima a ƙasar nan. Yana nan a otal-otal da makarantu masu zaman kansu da gidajen masu hannu da shuni, daga Legas har Abuja, daga Kaduna har Kano. Galibi kuwa idan ruwan ya yi kore, abin da maigida yake yi shi ne ya aika a sayo magani a antaya, in bai ji ba a sayo wani a ƙara. Wannan shi ne ainihin kuskuren da aka tafka a Riyo. Koren ruwa saƙo ne yake isarwa, wanda kuwa ya zuba magani kafin ya yi awo, daidai yake da likitan da ya rubuta allura bai duba majinyaci ba.

KORE IRI BIYU NE

Abu na farko da ya kamata mai tafki ya sani shi ne, ba kowane kore ne gansakuka ba. Idan ruwan ya yi kore kuma ya gurɓace, ba a hango ƙasa, bango yana santsi in an shafa, to wannan gansakuka ce. Ita gansakuka tsiro ce ƙanƙanuwa, wadda iska da ruwan sama da ƙafafun masu wanka suke kawo ƙwayoyinta kullum. Babu tafkin da ba ta shiga. Tana jiran rana da ɗumi da abinci ne kawai, ranar da kulorin ya yi ƙasa kuwa, kwana ɗaya ko biyu ya ishe ta ta mamaye ruwan. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Amma idan ruwan kore ne kuma garau, ana ganin ƙasa sarai, musamman in launin ya bayyana ne jim kaɗan bayan an zuba kulorin, to sai a zargi ƙarfe. Ruwan rijiyar burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da narkakken baƙin ƙarfe wanda ido ba ya gani. Da kulorin ya taɓa shi sai ya yi tsatsa, ruwan ya yi rawaya, rawaya kuwa in ta hau kan shuɗin daɓen tafki kore take komawa ga mai kallo. Jan ƙarfe ma yana yin haka, kamar yadda tsohuwar tagulla take yin koren tsatsa, shi kuwa yakan fito ne daga bututun da ruwa mai tsami ya ci, ko daga waɗansu magungunan kashe gansakuka da ake haɗawa da shi.

Gwajin rarrabewa ba shi da wuya. A ɗebi ruwan da ake cika tafkin da shi a cikin farin bokiti, a sa masa ɗan kulorin, a bar shi ya ɗan jima. In ya sauya launi, ƙarfe ne. Muhimmancin wannan gwaji shi ne, maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. Gansakuka ƙarin kulorin take so, ƙarfe kuwa ƙarin kulorin yana daɗa fito da launinsa ne, har ya bar tabo a bango. Ƙarfe sai da maganin da yake ɗaure shi cikin ruwa, a kuma bar matacin ruwa ya yi ta aiki har ya kwashe shi.

KULORIN DA MAƘIYANSA

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Scheele ne ya fara fitar da kulorin a shekarar 1774, sa'an nan Humphry Davy na Ingila ya raɗa masa suna a 1810. Wani abin ban dariya, sunan daga kalmar Girkanci ya fito mai ma'anar kore-kore, saboda launin iskarsa. Tun daga 1908, da birnin Jersey City na Amurka ya soma sa shi a ruwan famfo, ya zama babban makamin 'yan Adam a kan cututtukan ruwa irin su kwalara da taifot.

A tafkin wanka ana son ya kasance tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita ta ruwa, ba dare ba rana. Matsalar ita ce kulorin soja ne wanda yake mutuwa a fagen fama. Duk ƙwayar cutar da ya kashe, duk ganyen da ya faɗo, duk gumi da man shafawa da fitsarin yara da ya ci karo da su, ƙarfinsa raguwa yake yi. A ƙasar nan maƙiyansa sun fi yawa. Ƙurar hunturu tana zuba dare da rana, ruwan damina yana surka tafkin ya kuma koro datti, ranar bazara tana ƙone shi, in kuma an ɗauke wuta injin ya tsaya, ruwan ya kwanta, maganin ba ya zagayawa.

Akwai kuma wata fahimta ta kuskure da ta yaɗu. Mutane da yawa in sun ji tafki yana tashin warin kulorin, idanu suna ja, sai su ce magani ya yi yawa. Galibi akasin haka ne. Wannan wari na kulorin ne da ya riga ya haɗu da gumi da fitsari ya zama gawa, ƙarfinsa na kashe ƙwayoyin cuta kaɗan ne, sai dai ya ƙona ido. Tafki mai lafiya ba shi da wani wari na a zo a gani. Saboda haka kayan awo nagari suna nuna abu biyu, watau kulorin mai rai da kuma jimlarsa duka, in tazarar da ke tsakaninsu ta yi faɗi, alama ce ruwan yana neman ƙari.

TSAMI DA KANWA

Kowace uwargida ta san cewa in miya ko kunu ya yi tsami, 'yar kanwa ake jefawa ta kashe shi. Wannan sani na madafa shi ne masana suka mayar lissafi. A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Soren Sorensen, ya ƙago ma'aunin da ake kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Abin da ya yi ƙasa da ita yana wajen tsami, kamar tsamiya da lemon tsami, abin da ya yi sama kuwa yana wajen kanwa da ruwan toka.

Ruwan tafki ana son ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Dalili kuwa shi ne, ƙarfin kulorin a kan wannan ma'auni ya rataya. A kan 7.0 wajen kashi uku cikin huɗu na kulorin da ke ruwan yana cikin kamarsa mai kaifi. A kan 7.5 rabi ne. Da an kai 8.0 sai ya koma kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ke nan mutum yana iya zuba magani na maƙudan kuɗi, abin awo ya nuna masa akwai shi, alhali yawancinsa barci yake yi. In kuma ma'aunin ya yi ƙasa ƙwarai, ruwan yakan ci ƙarfe da siminti, ya kuma dami fata da ido.

Bayan wannan akwai wani awo na biyu da ake yawan mantawa da shi, watau yawan gishirin da yake riƙe ma'aunin kada ya yi ta lilo. Shi ne kamar dutsen da ake danne tabarma da shi ranar iska. Ana son sa tsakanin miligiram 80 zuwa 120 a lita. In ya gaza, ruwan sama kaɗan sai ya kifar da ma'aunin. In ya zarce, ma'aunin yakan haye sama ya ƙi saukowa. Ana ƙara shi da garin sodiyam baikabonet, irin wanda masu yin kek suke amfani da shi, ana kuma rage shi da asid. Shi ake fara gyarawa, domin gyaran ma'aunin tsami ba tare da shi ba, zuba ruwa ne a rariya.

LAIMAR DA KAN ZAMA KURKUKU

Hasken rana yana iya cinye yawancin kulorin cikin 'yan sa'o'i. Saboda haka aka samo wani sinadari mai suna sayanurik wanda yake yi masa laima. Miligiram 30 zuwa 50 a lita ya wadatar. Amma a nan ne wani tarko yake, wanda ya kama masu tafki da yawa. Ƙwayoyin kulorin masu kama da dunƙulen sabulu, waɗanda ake jefawa cikin 'yar robar da ke yawo a kan ruwa, da laimarsu a haɗe suke zuwa. Duk miligiram 10 na kulorin da suka saki, suna barin wajen miligiram 6 na sayanurik. Kulorin yana ƙarewa, sayanurik kuwa yana nan daram, rana ba ta ƙone shi, mataci ba ya kama shi.

Bayan watanni sai laimar ta zama kurkuku, ta riƙe kulorin ta hana shi aiki. Ga maigida bai taɓa fashin zuba magani ba, ga ruwa ya yi kore, ya rasa inda gizo yake saƙar. Maganin wannan da aka fi amfani da shi shi ne, a zubar da wani kashi na ruwan a ɗuro sabo. Amma kada a kwashe shi ƙarƙaf, musamman da damina ko a wurin da ruwan ƙasa yake kusa, domin tafkin da babu kome a cikinsa ruwan ƙasa yana iya turo shi sama kamar kwalekwale ya tsattsage.

YADDA AKE GYARA

Idan an tabbata gansakuka ce, aikin yana da tsari, kuma tsallake mataki ɗaya yana ɓata sauran. Da farko a hana kowa shiga. A kwashe ganyaye da datti da raga, a goge bango da ƙasa da matakala da buroshi, domin gansakuka takan yi wa kanta rigar yauƙi wadda magani ba ya ratsawa sai an kankare.

Sa'an nan a yi awo, a saukar da ma'aunin tsami zuwa wajen 7.2 tun kafin a zuba kulorin, saboda in kulorin ya yi yawa a ruwa abin awon yakan ba da amsar ƙarya. Bayan haka a san girman tafkin. Tafki mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi, lita 48,000 yake ci. Garin kulorin irin na HTH, wanda wajen kashi 65 cikin ɗari nasa ne kulorin, ana bukatar kamar giram 75 nasa domin a ɗaga wannan tafki da miligiram ɗaya a lita. Yaƙin gansakuka kuwa yana son a kai 10 ko fiye, watau kusan kashi uku cikin huɗu na kilo a tashin farko, in laima ta yi yawa a ruwan kuma sai an zarce haka.

A narkar da garin a bokiti, a zuba da magariba domin ya kwana yana aiki rana ba ta taɓa shi ba. A bar injin yana juyawa dare da rana, ko da kuwa da janareta ne. Kashegari a sāke awo, a cike abin da ya ragu. Nan ne yawancin mutane suke karaya, su ga ruwan ya ɗan washe su tsaya, sauran gansakukar ta farfaɗo. Ruwan zai tashi daga kore ya koma fari-fari kamar tsinkakken koko, wannan gawar gansakuka ce, aikin matacin yashi ne ya kwashe ta. A riƙa wanke shi ta hanyar juya ruwan baya duk lokacin da allurar agogonsa ta hau. In ana gaggawa, alam ko makamancinsa yana tattara dattin ya kwanta a ƙasa, a zuƙe shi a zubar waje.

Shaidar an ci nasara ita ce, a auna kulorin da dare a sāke aunawa da asuba, in abin da ya ragu bai wuce miligiram ɗaya ba, babu sauran mai cinsa. Ba a koma wanka ba sai ya sauko daidai, kuma ana ganin ƙasan tafkin a wuri mafi zurfi.

HATTARA DA MAGUNGUNAN

Waɗannan magunguna ba abin wasa ba ne. Kulorin in ya haɗu da asid yana fitar da iskar da aka yi amfani da ita wajen hallaka sojoji a Ypres ta ƙasar Beljiyam a watan Afrilu na 1915. Garin kulorin in ya haɗu da na dunƙule a mazubi ɗaya yana iya kama wuta ko ya fashe. Kullum magani ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani. Kowanne da ludayinsa, kowanne da murfinsa, a ajiye su a busasshen wuri mai iska, nesa da fetur da man janareta, nesa da hannun yara.

ABIN DA KOREN RUWA YAKE ƁOYEWA

Da a ce muni ne kaɗai illar koren tafki, da maganar ba ta kai ta cika shafi ba. A watan Yuni na 2011, a garin Fall River na jihar Masacuset a Amurka, wata mata ta nutse a wani tafkin gwamnati ran Lahadi, ba a ga gawarta ba sai daren Talata. Kwana biyu jama'a suna wanka a samanta, saboda ruwan ya gurɓace ba a hango ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, shiru yake tafiya. A ruwa garau ana iya hango shi a tsamo shi da sauran numfashi, a koren ruwa kuwa sai a bazama nemansa a unguwa alhali yana tsakar gida.

Ban da wannan, inda gansakuka ta rayu, shaida ce ƙwayoyin cutar gudawa da ciwon kunne da na ido su ma sun sami sarari. Tafkin da aka yi watsi da shi kuma gonar sauro ce. A shekarar 2007, lokacin da dubban mutane suka rasa gidajensu a Kalifoniya saboda bashin banki, masu bincike sun danganta yaɗuwar zazzaɓin Yammacin Nilu a yankin Bakersfield da tafkunan gidajen da aka bari suka yi kore. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro yake kashe yara kullum, wanda ya kulle gida ya yi tafiyar watanni ya bar tafki a kwance, maƙwabtansa ya bar wa wahala.

NAUYIN MAIGIDA

A gidaje da yawa, maigadi ko yaron gida ake danƙa wa wannan aiki, ba a koya masa kome ba, ba a ba shi abin awo ba, ba safar hannu ba tabarau, sai dai a nuna masa bokitin magani. Ranar da ruwa ya ɓaci kuwa shi ne zai sha faɗa. Wannan ba adalci ba ne. Wanda ya iya kashe miliyoyi wajen gina tafki, ba zai gaza sayen 'yar kwalbar awo da littafin rubutu ba. A auna kulorin da ma'aunin tsami kowace rana, sauran kuma mako-mako ko wata-wata, a rubuta. A bar injin ya juya ruwan duka aƙalla sau ɗaya a yini. A kewaye tafkin da shinge ta kowace fuska, da ƙofa mai rufe kanta.

A Riyo akwai injiniyoyi, akwai na'urori, akwai kuɗin gwamnati, duk da haka mutum ɗaya da ya zuba abin da bai san halinsa ba ya ja wa ƙasa guda abin kunya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk maigidan da ya leƙa tafkinsa da safe bai hango ƙasansa ba, to ya rufe ƙofar shingen tukuna, ya ɗauko abin awo, sa'an nan ya yi maganar magani. Allah ya kiyashe da yara da manya, amin.